Rahotannin da Doka Take Tilasta wa Manyan Bankuna Su Fitar: Darasi Daga Rushewar Credit Suisse

Gabatarwa

A daren Laraba, 15 ga watan Maris na shekarar 2023, Babban Bankin ƙasar Suwizalan da hukumar da ke sa ido a kan bankunan ƙasar, wadda ake kira FINMA, suka fitar da sanarwa cewa bankin Credit Suisse ya cika sharuɗɗan jari da na tsabar kuɗi waɗanda doka ta gindaya wa manyan bankuna. Bayan kwana huɗu kacal, wato ranar Lahadi 19 ga watan, sai aka sayar da bankin cikin gaggawa ga abokin gasarsa UBS, don gudun kada kasuwanni su buɗe ranar Litinin a tarar ya durƙushe. Wannan kuwa banki ne da Alfred Escher ya kafa a birnin Zurik tun 1856 domin samar da kuɗin shimfiɗa hanyoyin jirgin ƙasa. A lokacin yana da ma'aikata kimanin dubu 50, yana kuma cikin jerin bankuna wajen talatin da hukumomin duniya suka ware cewa faɗuwar ɗayansu tana iya girgiza tattalin arzikin duniya baki ɗaya.

Ɗalibi mai tunani zai tambaya, shin hukumomin nan ƙarya suka yi? Alƙaluman da suka dogara da su gaskiya ne, kuma bankin da kansa ya wallafa su kamar yadda doka ta umurta. To, in haka ne, mene ne amfanin irin wannan rahoto ga mutumin da ya zuba dukiyarsa a banki? Wannan ita ce tambayar da wannan maƙala za ta bi diddiginta. Kafin mu kai gare ta, sai mun fahimci abin da alƙaluman suke aunawa.

Dalilin Tilasta wa Banki Yin Bayani

Banki ya sha bamban da sauran kamfanoni ta fuska guda: kusan duk kuɗin da yake juyawa na mutane ne. Masu ajiya sun kawo nasu, ya kuma ranto wasu daga kasuwa, sai ya haɗa ya ba da rance ko ya sayi takardun bashi na gwamnati da na kamfanoni. Waɗannan rance da takardu su ne kadararsa. Ɗan abin da ya rage bayan an cire duk bashin da ake bin sa daga kadarar, shi ne jarin masu banki, wato masu hannun jari. Idan aka yi asara, wannan jari ake fara ci. Idan ya ƙare, sai asarar ta tsallaka kan kuɗin mutane.

Mai ajiya ko mai sayen hannun jari ba shi da ikon shiga ofishin banki ya buɗe littattafai ya ga wa aka ba rance, ko zai iya biya. Saboda haka ne hukumomi suka ɗora wa bankuna nauyin fito da bayani. Asalin tsarin da ake bi a yau yana komawa ga shekarar 1974, lokacin da hukumomin Jamus ta Yamma suka rufe bankin Herstatt na birnin Kolon, bayan ya karɓi kuɗin cinikin canji daga wasu bankuna amma bai kai ga biyan su dala a New York ba. Ruɗanin da ya biyo baya ya sa gwamnonin manyan bankunan ƙasashe masu arziki suka kafa wani kwamiti da ke zama a birnin Basel na Suwizalan. A 1988 kwamitin ya fitar da ƙa'idarsa ta farko, cewa jarin banki kada ya gaza kashi 8 cikin ɗari na kadararsa bayan an auna ta da ma'aunin haɗari. A 2004 aka sake fasalin ƙa'idar, aka ɗora ta a kan ginshiƙai uku: mafi ƙarancin jari, da binciken hukuma, da kuma bayani ga jama'a. Har yanzu rahoton da bankuna ke fitarwa ƙarƙashin wannan tsari ana kiran sa rahoton ginshiƙi na uku. Tunanin da ke bayansa shi ne, idan masu zuba jari suka ga halin da banki yake ciki, za su hukunta mai ganganci ta hanyar janye kuɗinsu ko tsawwala masa kuɗin ruwa tun kafin ya kai ga halaka.

Bayan rikicin kuɗi na 2008 aka ƙara tsananta ƙa'idojin a 2010. Aka ce jari na asali, wato kuɗin masu hannun jari da ribar da aka tara, wanda a rahotanni ake rubuta shi CET1, kada ya gaza kashi 4.5, sannan a ɗora kashi 2.5 na ko-ta-kwana, manyan bankuna kuma a ƙara musu wani abu a kai.

Yadda Ake Lissafin Ma'aunin Jari

A nan ya kamata mu ɗan tsaya, domin yawancin kuskuren masu karanta rahoton banki daga nan yake farawa. Ba a raba jari da jimillar kadara kai tsaye. Sai an fara ba kowace irin kadara nauyi gwargwadon haɗarin da ake zaton tana da shi. A ƙa'idar 1988, tsabar kuɗi da takardun bashin gwamnatocin ƙasashe masu arziki nauyinsu sifiri ne, rancen sayen gida rabi, rancen kamfanoni kuma ɗari bisa ɗari.

Mu ƙaddara wani banki na misali mai kadarar naira 1,000 da jarin naira 50. Naira 400 tana cikin takardun gwamnati, nauyinta sifiri. Naira 200 rancen gidaje ce, nauyinta 100. Naira 400 rancen 'yan kasuwa ce, nauyinta 400. Jimillar kadara mai nauyi ta zama 500 ke nan. Idan aka raba 50 da 500, ma'aunin jarin bankin ya zama kashi 10 cikin ɗari, ya haye ƙa'ida. Amma a lura, asarar naira 50 kawai daga cikin 1,000, wato kashi 5, ta isa ta cinye jarin ƙurmus.

Yanzu a ce shugabannin bankin sun karɓo naira 200 daga hannun 'yan kasuwa sun sayi takardun gwamnati da ita. Kadara mai nauyi ta sauko zuwa 300, ma'aunin jari ya tashi zuwa kusan kashi 17, alhali ko kwabo ba a ƙara a jarin ba. Malamai za su iya ba ɗalibai wannan lissafi a aji, su riƙa sauya rabon kadarar suna ganin yadda sakamakon ke hawa da sauka. Ana iya kuma gwada shi da taƙaitaccen lissafin shekara da bankunanmu ke bugawa a jaridu, tun da Babban Bankin Nijeriya ma wannan tsari na Basel yake bi, inda ya sa kashi 10 ga bankuna masu lasisin cikin gida, kashi 15 ga masu lasisin ƙasa da ƙasa.

Daɗin daɗawa, tun daga ƙa'idar 2004 an yarje wa manyan bankuna su riƙa ƙiyasta nauyin haɗarin kadararsu da dabarun lissafi nasu na kansu, in dai hukuma ta amince da dabarun. A ganina wannan ya yi kama da barin ɗalibi ya taimaka wajen tsara jarrabawar da zai zauna. Ba lalle ne ya yi maguɗi ba, amma ba za a kwatanta makinsa da na ɗalibin wata makaranta ido rufe ba. Domin rage wannan matsala ne aka ƙaro wani ma'auni mai sauƙi wanda ba ruwansa da nauyi, aka ce jari kada ya gaza kashi 3 na duk abin da banki ya ɗauka.

Ga alƙaluman Credit Suisse a ƙarshen 2022. Jimillar kadararsa faran biliyan 531 na kuɗin Suwizalan, biliyan ɗaya kuwa miliyan dubu ke nan. Bayan an auna ta da nauyi ta koma kimanin biliyan 251, ƙasa da rabi. Jarinsa na asali kimanin biliyan 35. Ma'aunin da aka wallafa shi ne kashi 14.1, wanda ya yi kafaɗa da kafaɗa da na manyan bankunan Turai masu lafiya. Duk wanda ya tsaya a wannan layi na rahoton zai kwanta barci da kwanciyar hankali.

Ma'aunin Tsabar Kuɗi da Zaton da Aka Gina Shi a Kai

Banki yana iya mallakar kadarar da ta fi bashinsa, amma ya mutu saboda ba shi da kuɗi a hannu ranar da masu ajiya suka zo karɓa. Rancen shekara ashirin ba ya komawa tsaba cikin yini guda. Don haka ƙa'idar 2010 ta zo da ma'auni na biyu: dole banki ya ajiye kadarar da ake iya sayarwa nan take, wadda za ta ishe shi biyan duk abin da ake zaton zai fita cikin kwana 30 na tsanani. Idan abin da ya ajiye ya yi daidai da abin da ake zato, ma'aunin ya zama kashi 100.

Kalmar da ta fi muhimmanci a nan ita ce zato. Ƙa'idar ta ɗauka cewa daga ajiyar talakawa da ke da inshora, kashi 3 zuwa 5 ne kawai za a cire cikin wata guda, daga sauran ajiyar ɗaiɗaikun mutane kuma kashi 10 ko fiye kaɗan. An samo waɗannan alƙaluma ne daga abin da aka gani a rikice-rikicen baya, tun mutane suna bin layi a ƙofar banki. Ranar 9 ga Maris 2023, masu ajiya a bankin Silicon Valley na Amurka suka nemi cire dala biliyan 42 cikin yini ɗaya, kusan rubu'in duk ajiyar bankin, akasari ta waya da kwamfuta. Washegari hukuma ta rufe shi. Wannan lamari ne ya tayar da hankalin kasuwa, kowa ya shiga neman bankin da zai biyo baya.

Ma'aunin tsabar kuɗi na Credit Suisse a watanni ukun ƙarshe na 2022 ya kasance kashi 144. Shi ma ya haye ƙa'ida. Sai dai a watanni ukun da suka gabace su kashi 192 ne. Likita da ya auna jinin majiyyaci yau ya same shi daidai, amma ya ga ya ragu da rubu'i tun awon baya, ba zai sallame shi ba sai ya gano inda jinin ke zuba.

Abin da Ke Rubuce a Sauran Shafuka

Inda jinin ke zuba kuwa ba a ɓoye shi ba. A farkon Oktoba 2022 jita-jita ta bazu a kafofin sada zumunta cewa wani babban banki na gab da faɗuwa, masu arziki suka fara kwashe dukiyarsu. Bankin da kansa ya bayyana cewa cikin watanni ukun ƙarshen shekarar, dukiyar da abokan hulɗa suka janye daga hannunsa ta kai faran biliyan 110.5. Ajiyar da ke wurinsa ta sauko daga kimanin biliyan 393 a ƙarshen 2021 zuwa biliyan 233 a ƙarshen 2022. Ya kuma amsa cewa wasu rassansa sun faɗa ƙasa da ƙa'idar tsabar kuɗi da hukumomin wurarensu suka sa musu. Asarar shekarar ta kama biliyan 7.3.

Me ya sa jita-jita ta yi tasiri haka a kan wannan banki, ba ta yi a kan maƙwabtansa ba? Domin amana ta riga ta zaizaye. A watan Maris na 2021 kaɗai, ya dakatar da wasu asusun zuba jari na kimanin dala biliyan 10 da ke da alaƙa da kamfanin Greensill, sannan ya yi asarar wajen dala biliyan 5.5 a hulɗarsa da kamfanin Archegos na Amurka. Rahoton lauyoyin da bankin ya ɗauko su binciki lamarin Archegos, wanda aka wallafa a Yuli 2021, ya nuna cewa an sha ganin alamun haɗari amma ba a ɗauki mataki ba. Babu wani ma'auni na Basel da ke auna irin wannan sakaci, amma yana nan a rubuce ga mai son karantawa.

Sai kuma rahoton shekara. An shirya fitar da shi ranar 9 ga Maris 2023, aka ɗage a ƙurarren lokaci saboda hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta yi tambaya a kan gyare-gyaren da aka yi wa lissafin shige da ficen kuɗi na 2019 da 2020. Da ya fito ranar 14 ga wata, sai ga bankin yana amsa cewa akwai rauni mai girma a tsarin da yake bi wajen tantance alƙalumansa na 2021 da 2022. Kamfanin binciken asusu na PwC ya ce lissafin kansa ya nuna halin bankin daidai, amma ya ƙi amincewa da ingancin tsarin da ke samar da lissafin. Ɗalibin kimiyya zai gane nauyin wannan magana: an ce maka sakamakon awo daidai ne, amma sikelin da aka yi awon da shi ba a tabbatar da lafiyarsa ba.

Washegari aka tambayi Ammar Al Khudairy, shugaban Saudi National Bank na wancan lokacin, wanda ya sayi kashi 9.9 na Credit Suisse a ƙarshen 2022, ko za su ƙara zuba kuɗi. Ya ce sam ba za su ƙara ba, ya kafa hujja da cewa haye kashi 10 zai jawo musu sababbin ƙa'idoji. A ranar farashin hannun jarin ya faɗi da kusan rubu'i. Babban Bankin Suwizalan ya buɗe masa rancen da ya kai faran biliyan 50, amma bai tsayar da gudun masu ajiya ba. Kafin ƙura ta lafa, abin da Babban Bankin ya ranta masa ya kai biliyan 168.

Akwai wani abu da ya kamata a ambata a taƙaice. Yawancin alƙaluman rahoto na ranar ƙarshen wata uku ne, kuma an taɓa samun bankin da ya yi wa wannan rana kwalliya. Binciken da Anton Valukas ya gabatar wa kotu a 2010 ya gano cewa bankin Lehman Brothers ya riƙa kawar da kadarar kimanin dala biliyan 50 daga littafinsa 'yan kwanaki kafin ranar rahoto a 2008, ya dawo da ita bayan ranar ta wuce. Wannan yana cikin dalilan da suka sa yanzu ake neman wasu alƙaluman a matsayin matsakaicin kwanaki da yawa.

Wa Ya Yi Asara?

Masu zuba jari a banki ba sahu ɗaya suke ba. Masu ajiya a Credit Suisse ba su rasa ko sisi ba, haka ma masu manyan takardun bashinsa. Masu hannun jari an ba su hannun jarin UBS ɗaya a madadin nasu 22.48, wato kimanin faran 0.76 kowane hannu, alhali ranar Juma'ar da ta gabata an rufe kasuwa yana 1.86, a 2007 kuwa ya haura faran 80. Duka cinikin faran biliyan 3 ne.

Waɗanda suka fi shan kashi su ne masu wasu takardun bashi na musamman da ake kira AT1. An ƙirƙiro irin waɗannan takardu bayan 2008 domin idan banki ya shiga uku, a soke bashin ko a mayar da shi hannun jari, a sauƙaƙa wa baitulmalin gwamnati. Saboda wannan haɗari ake biyan kuɗin ruwa mai tsoka a kansu. Waɗanda Credit Suisse ya sayar a tsakiyar 2022 kashi 9.75 ake biya a shekara. Yawancin masu riƙe da su idonsu yana kan sharaɗi guda, cewa za a soke bashin idan ma'aunin jari ya faɗi ƙasa da kashi 7. Da yake yana 14, sai suka ga akwai tazara mai nisa. Amma a cikin takardar sharuɗɗan akwai wani sashe da ya ce ana iya soke bashin idan bankin ya karɓi tallafi na musamman daga hukuma wanda in ba shi ba zai durƙushe. Da wannan sashe, da kuma dokar gaggawa da gwamnati ta yi a ƙarshen makon, FINMA ta kafa hujja ta soke takardun kimanin faran biliyan 16 gaba ɗaya.

Wannan hukunci ya ba kasuwa mamaki, domin abin da aka saba shi ne mai hannun jari ya fara rasa komai kafin a taɓa mai bin bashi. Washegari hukumomin Tarayyar Turai da Bankin Ingila suka yi sauri suka sanar cewa a wurinsu tsohon tsarin yana nan. Mai zuba jari da ya karanta ma'aunin jari a kowane wata uku, bai taɓa buɗe takardar sharuɗɗan abin da ya saya ba, bai san sahun da yake tsaye ba.

Abin da Ya Fito Daga Baya

Majalisar dokokin Suwizalan ta kafa kwamitin bincike, wanda ya miƙa rahotonsa a Disamba 2024. Ya ɗora babban laifin a kan shugabannin bankin na shekaru da dama, amma ya taɓo wani abu da ya shafi batunmu kai tsaye. Kashi 14.1 da kowa ke ambata na rukunin kamfanonin ne gaba ɗaya. Ita kuwa uwar bankin, wadda ke riƙe da ƙananan kamfanonin na ƙasashen waje, tana da nata lissafin daban, kuma tun 2017 FINMA ta yi mata wani rangwame a kan yadda za ta ƙiyasta darajar waɗannan kamfanoni a lissafin jarinta. Kwamitin ya gano cewa ba don wannan rangwame ba, da uwar bankin ta gaza cika ƙa'idar jari tun 2021, ta kuma gaza ƙwarai a 2022. Ke nan sanarwar daren 15 ga Maris ta dace da ƙa'ida, amma ƙa'idar da aka riga aka sassauta wa wannan banki shi kaɗai.

Su kuma masu takardun AT1 sun garzaya kotu da dubbansu. A watan Oktoba na 2025 Kotun Tarayya mai sauraron ƙararrakin hukumomi ta yanke cewa umurnin FINMA na soke takardun ba shi da madogara a doka. Ɗaya daga cikin hujjojin alƙalan ita ce, a ranar da aka soke su bankin yana da isasshen jari bisa ƙa'ida, kuma rancen da aka ba shi na tsabar kuɗi ne, don haka sharaɗin sokewa bai cika ba. Wato alƙalumman nan da suka kasa ceton bankin su ne suka zama hujjar masu ƙara. Kotun ba ta yanke a lokacin ko za a mayar musu da kuɗinsu ba, FINMA kuma ta ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ƙolin ƙasar.